Tabar Lantarki a Jakar Maganin Inna

Tun da muka dawo daga Indiya ni da mahaifiyata, duk yammar da na zauna a fadarmu ta shan shayi a unguwar Harobanda, kafin shayin farko ya tafasa sai wani ya ce, "Lawali, ba mu labarin ƙasar nan mana." Ni kuma in ba su na shanun da ke kwance a tsakiyar titi da na yajin abincinsu, a yi dariya a watse. Akwai wurin da nake tsallakewa kullum. Yau zan ɗauko hanyar daga farkonta, in bi ta yadda muka bi ta.

Inna ta haura shekara saba'in. Ƙashin ƙugunta ne ya cinye, har ta kai daga ɗakinta zuwa bakin famfo sai an riƙe ta. Likitocin Yamai suka yi iyakar ƙoƙarinsu, daga baya suka ce a fita da ita waje a yi mata aiki. 'Yan'uwana suka taru a gidanmu na Wadata suka ce ni zan raka ta, don ni ne babba, kuma ni ke da ɗan guntun Ingilishin da na tsinta a makaranta.

Abin da ba su sani ba, na yi kusan shekara talatin ina shan sigari a ɓoye. A gaban Inna ko ashana ban taɓa riƙewa ba. Shekara biyu da suka wuce na koma tabar lantarki, wadda samari ke kira puf. Ɗan ƙarfe ne kamar bik na rubutu mai kauri, ana caja shi kamar salula, a ɗura masa wani ruwa mai ƙanshin mangwaro. A Yamai ba mai tambayarka, a shago ake ajiye ta kusa da turare. Matata Ramatu kaɗai ta san ina sha. Ranar da nake haɗa kaya ta ce, "Ka bar abin nan a gida. Ba ka san dokar mutane ba."

Na ce, "Sati shida zan yi zaune a gidan likita. So kike in haukace?"

Na naɗe ta cikin safa tare da kwalabe uku na ruwanta, na cusa a ƙasan walis, akwatin tafiyarmu.

A filin jirgin Yamai na fara cin karo da doka. Matar da ke auna kaya ta tambaye ni da Faransanci ko akwai batir ko tabar lantarki a cikin walis. Na ce akwai. Ta ce ba ta shiga cikin kayan ƙarƙashin jirgi, don batir na iya kama wuta. A jikina zan riƙe, kuma kada in kuskura in ja ko sau ɗaya a cikin jirgi, ko a banɗaki. Inna na zaune a keken marasa lafiya kusa da ni. Na juya keken ya fuskanci taga, na ce mata ta ga jiragen da ke tsaye, na durƙusa na zazzage walis a gaban layin mutane har na kai ga safar. Na tura ta aljihun riga.

"Mi ka ɓatar?" in ji Inna ba tare da ta juyo ba.

"Cajar salula ce, Inna."

Mun sauka Adis Ababa don sauya jirgi. Sanyin wurin ya ba mu mamaki, mu da muka baro Yamai ana zufa. Na lulluɓe Inna da bargon da na roƙa a jirgi. Muna zaune tana mitar shinkafar da aka ba mu, wai ko gishiri babu, sai wata mata mai jiki ta tsaya a kanmu ta yi sallama. Ta ce Hausa ta ji, ba ta iya wucewa. Sunanta Hajiya Rabi, 'yar Damagaram, 'yar kasuwa ce mai saro yadi da sarƙoƙi daga Indiya, kuma jirginmu ɗaya. Kafin minti goma sun gano wata tsohuwa a Maraɗi da dukansu suka sani. Na bar su suna hira, na ce zan zagaya.

Filin yana da wani ɗaki na gilashi da aka ware wa mashaya taba. Na shiga na ja har kaina ya sauka, don rabona da ita tun safe. Da na fito ban ma gama mayar da ita aljihu ba na ga Hajiya Rabi ta taho da kofin shayi a hannu. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata.

"Ƙanena, zo nan." Ta ja ni gefe. "Da wannan za ka shiga Indiya?"

"Tawa ce ta sha, Hajiya. Ba ta sayarwa ba ce."

"Ba ruwansu. Can an hana ta gaba ɗaya. Ba a shiga da ita, ba a sayar da ita. Na ga wanda aka tsare a gabana, har na ɗauki kayana na fita bai fito ba. Kana tare da marar lafiya. Ga kwandon shara can."

Ta wuce da shayinta. Na ciro salula na bincika, na ga gaskiyarta: dokar ƙasar ta hana shigo da ita, akwai tara, akwai ɗauri. Na je na tsaya a bakin kwandon. Wallahi na fito da safar, na riƙe ta a saman bakinsa. Sai na tuna sati shida. Na tuna daren da za a yi wa Inna aiki, ni kaɗai a ƙasar da ban san kowa ba. Na mayar da ita aljihu.

Da lokacin salla ya yi, Hajiya Rabi ta tura Inna wajen alwala na mata, suka bar mini jakar maganinta. Baƙar jaka ce, cike da takardun likita, da hotunan ƙashi, da ƙwayoyi, da kwalaben maganin ido. Na lura kwalaben nan girmansu ɗaya da nawa. Na kuma lura tun daga Yamai duk inda muka je, mai keke ake fara wucewa da shi, ba a cika tsananta masa ba. Ba wanda ya ba ni shawara, ba shaiɗanin da zan ɗora wa. Ni na warware safar da hannuna, na jera kwalabena cikin na Inna, na tura ƙarfen tsakanin takardu, na ja zif. Da za mu shiga jirgi aka saka jakar a na'ura ta fito, ba wanda ya ce uffan. Na ce a raina Hajiya ta cika tsoro.

Gari ya waye mana a sama, muka sauka Delhi da hantsi. Wani dattijo mai farin gashin baki ya karɓi keken Inna, yana turawa yana kaɗa kai gefe da gefe duk abin da na ce masa. Na ɗauka a'a yake nufi, sai daga baya na gane to ce tasu ke nan. A wajen duba fasfo aka nemi katin rigakafi, aka duba bizar jinya, sannan aka ce Inna ta ɗora yatsu a kan gilashi. Na'ura ta ƙi karanta su. Ƙannena sun yi mata lalle na tafiya, ya kama baƙi ƙirin. Aka goge, aka sake, aka kawo wani ruwa aka shafa, sai a karo na biyar ta karɓa. Inna ta ce, "Ashe nan ƙasar har lalle laifi ne." Na yi dariyar dole.

Muka ɗauki walis. Saura ƙofa ɗaya, ina hango hasken waje da masu riƙe da allunan sunaye. Sai wani ɗan duwan, mai binciken kayan shigowa, ya ɗaga hannu ya nuna mana na'ura a gefe. Duk kaya, har na hannu. Dattijon ya ɗauke jakar daga cinyar Inna ya ɗora. Ta shiga, ta fito, aka mayar da ita baya, ta sake shiga. Wata ma'aikaciya ta ɗauke ta zuwa tebur ta ja zif.

Ƙanshin mangwaro ya tashi har inda nake. Ban san iskar jirgi na matse ruwan ya zubo ba. Ya jiƙa takardun likita, ya bi gefen hoton ƙashi. Matar ta sa yatsu biyu ta ciro ƙarfen, ta ɗaga shi sama. Sannan ta bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, ta ware uku gefe.

Ta ce da Ingilishi, "Jakar wa?"

Inna ba ta ji kalmar ba, amma ta ga ana nuna jakarta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Tawa ce."

Aka karɓi fasfo ɗinmu duka biyu, aka tura mu wani ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru uku. Shugabansu ya shigo, mutum mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya jera kayan a gabansa. Da yake ba mai jin Hausa a cikinsu, ni aka sa in yi tafinta tsakaninsa da mahaifiyata.

Ya ce in tambaye ta ko ta san an hana wannan a ƙasarsu.

Na juya na ce, "Inna, wai maganinki suke dubawa."

Ta leƙa teburin. "Wanga ƙarfe ba cikin maganina yake ba. Mi ne ne shi?"

Na ce wa mutumin tsohuwa ce, ba ta san komai ba, ƙila wani ne ya sa mata a gida.

Ya ce wa ya haɗa jakar? Na ce ƙannena. Ya rubuta. Ya ce kwalba uku da yawa ga mai sha ɗaya, ko na sayarwa ne? Na ce a'a. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, yaya aka yi na sani, tunda ba nawa ba ne? Na kawar da idona zuwa tebur.

Ya ciro takarda ya fara cikewa, yana kwafar suna daga fasfon Inna harafi bayan harafi. Ya ce tunda ta ce jakarta ce, da sunanta za a rubuta, kuma sai ya kai maganar sama kafin a san ko za a bar ta ta shiga gari yau. Na ce gobe da safe likita ke jiranta. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Ya gama, ya juyo da takardar, ya buɗe ɗan akwatin tawada, ya ce tunda ba ta rubutu ta dangwala.

"Mi yake so kuma?" in ji Inna.

"Yatsa, Inna."

"To. In dai za su bar mu mu tafi, ƙuguna ya ishe ni." Ta gyara mayafi, ta miƙa babban yatsanta. Ma'aikaciyar ta kama shi ta danna a tawada.

Na ce, "Tsaya." Da Hausa na faɗa, sai na sake da Ingilishi. Na ce nawa ne. Ni ke sha, ni na sa a jakarta a Adis Ababa, ba ta sani ba, ƙannena ma ba su sani ba.

Mutumin ya ajiye bik. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce daga yanzu ba zan ƙara yin tafinta ba, don bai san abin da nake faɗa wa matar nan ba tun ɗazu. Ya tambaya ko akwai mai jin harshenmu a jirgin. Dattijon mai keke ya ce akwai wata mata a waje da ta ƙi tafiya. Aka shigo da Hajiya Rabi. Ko kallona ba ta yi ba. Shekarun kasuwa sun ba ta Ingilishi da ɗan Indiyanci, kuma aka ce ta faɗi komai yadda yake.

Ta durƙusa kusa da keken ta ce, "Inna, wannan ƙarfen taba ce. Ta Lawali ce. An hana ta a ƙasar nan, na gaya masa tun a hanya. Shi ne ya ɓoye ta a jakarki don yana ganin ba za a bincike ki ba. Takardar da za ki dangwala ta amsa laifi ce."

Inna ta dubi yatsanta mai tawada. Ta goge shi a gefen zane, a hankali, har sau uku. Ba ta dube ni ba. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na gode mata.

Can ta ce, "Hajiya, gaya mashi. Ni ba ni tashi sai an ɗaga ni, ba ni kwantawa sai an kwantar da ni. Nan ƙasar ba ni da kowa sai shi. Su riƙe abinsu, su bar mini shi."

Hajiya Rabi ta fassara. Mutumin ya fita da takardun. Muka zauna mu uku muna jira. Na ji kiran salula a aljihuna ya fi sau goma, ban iya ɗagawa ba. An fi awa kafin mutumin ya dawo. Ya yaga takardar farko a gabanmu, ya cike wata da sunana. Aka zazzage walis ɗinmu har garin kuka da kilishin da aka ɗaure mana, aka tabbatar ba wata. Ya ce an ƙwace kayan, an rubuta a kaina, kuma in aka sake ganin irinta a hannuna ba a ɗakin nan maganar za ta tsaya ba. Na sa hannu. Ya miƙa wa Inna fasfonta da hannu biyu, nawa kuma ya tura mini a kan tebur.

A waje muka tarar da Malam Hamidu, tafintan da likitar, wato asibitin, ta aiko, ɗan Dosso ne da ya zo karatu ya zauna. Ya ce saura kaɗan ya tafi. Da ya ga takardun da suka jiƙe ya dafe kai. Biyu daga ciki ba sa karantuwa, sai da aka sake wa Inna gwajin jini da hoto, ganin likita ya koma bayan kwana uku. Kwana uku na ƙarin ciwo, ni na jawo mata su.

Masaukinmu gida ne mai hawa huɗu kusa da likitar, cike da masu jinya daga ƙasashe dabam dabam, Larabawa da 'yan Afganistan da 'yan Kongo. Madafa ɗaya ce, kowa da lokacinsa. Abincin gari shinkafa ce da wake mai ruwa da gurasa, nama sai ka nema, yaji kuwa ko mu 'yan Nijar sai mun sha ruwa. Inna ta ƙi shi, na koyi tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, wata 'yar Kongo na gyara mini wuta. A titi hon ɗin mota ba ya tsayawa, har a bayan manyan motoci an rubuta a danna shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a bakin ƙofar masaukin akwai mai tebur da ke sayar da sigari kara ɗaya ɗaya, da wata siririyar taba ta ganye, da wani abin taunawa da ke sa su tofar da jan yawu a bango. Duk wannan halal ne a dokarsu. Tawa mai batir ce haram. Na yi wa Malam Hamidu ƙorafi, ya ce, "Ƙasarsu ce. Kai ma in baƙo ya zo Yamai ba ya zaɓar dokar da zai bi."

Kwanakin nan Inna ba ta yi mini magana sai ta dole. Ɗaga ni. Ba ni ruwa. Ina gabas? Ni kuma jikina na neman abin da ya saba, hannuna na rawa, kaina na sara, har na yi wa mai shara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na koma na ba shi haƙuri.

Ranar aiki da safe an sa mata rigar likita, an ɗora ta a gadon turawa. Ta ce wa Malam Hamidu ya ɗan ba mu wuri.

"Tun kana makaranta na san kana shan taba," ta ce. "Ni ke wanke rigunanka. Na yi shiru don kana jin kunyata, na ce wanda ke jin kunya bai lalace ba. Ba tabar ta ɓata mini rai ba."

Na ce, "Na sani, Inna."

"Na yafe maka, don ban san ko zan fito ba. In na fito, akwai magana."

Aka tura ta. Awa huɗu aka yi. Ba zan yi ƙarya ba, na sauka wajen mai tebur na sayi sigari biyu, na shanye su a tsaye a bayan wata mota, na dawo ina jin ƙyamar kaina. Su ne na ƙarshe zuwa yau, ban kuma ce na gama har abada ba. Da likita ya fito ya kaɗa kai gefe da gefe yana murmushi, sai da na zauna a ƙasa.

Sauran makonnin na koyon tafiya ne, taku uku, taku goma, har ƙarshen baranda. Hajiya Rabi ta zo duba ta sau biyu kafin ta koma, ta kawo mata mayafi. Ranar dawowa, a wajen binciken shiga jirgi, na ga an ciro irin tawa daga aljihun wani Bature yana ta gardama, aka jefa ta cikin wani kwando da ya kusa cika da su. Muka bi ta Adis Ababa, muka sauka Yamai ana zafin azahar. Inna ta shiga gidan Wadata da ƙafarta, da sanda ɗaya, mata na guɗa.

Kwana biyu gidan bai rabu da 'yan barka ba. Duk wanda ya tambaye ta hanya sai ta ce lafiya lau, yaron ya yi ƙoƙari. A rana ta uku bayan la'asar mutane suka ragu, na zo yi mata sallama zan haye gada in koma gidana Harobanda. Tana zaune a kujera a tsakar gida.

"Zamna," ta ce. Na zauna a tabarma. "Abu guda nake so in ji. Ranar nan, da mutumin bai kawo tawada ba, da ya rubuta sunana kawai ya ce mu tafi, za ka yi magana?"

Na so in ce zan yi. Kalmar na bakina. Na dubi ƙasa na ce, "Ban sani ba, Inna. Ina jin da na yi shiru."

Ta gyara zama a kujerar. Wata akuya ta shigo tana neman ɓawon dankali, ba wanda ya kore ta.

"Da ka ce za ka yi, da ban ƙara yarda da maganarka ba," ta ce. Ta jawo sandarta, ta miƙo mini ɗaya hannun. "Tashi ka riƙe ni. Likita ya ce kullum in kai bakin ƙofa in dawo, yau ban kai ba."